Koyon Ƙaga Labari A Jami'a: Ina Rabon Ɗan Karkara?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Ɗambatta da Kazaure, ko kuwa wadda ta ratsa Dawanau ta miƙe zuwa Bichi da Tsanyawa, zai lura da cewa da wuya idonsa ya faɗa a kan wani fili wanda ba gona ba. Gona na manne da gona, gida na hango gida, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. A wannan yanki ba a cika barin saura ba. Shekara da shekaru ana noma wuri ɗaya, abin da ke riƙe da ƙasar kuwa shi ne takin awaki da tumaki da toka da sharar gida, wanda a da jakuna ke kaiwa gona a mangala tun da rani, har da wanda ake kwasowa daga cikin birni.

Wannan irin zama ya daɗe yana ba masana mamaki. Tun cikin shekarun 1960 wani malamin labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya bi ƙauyukan da ke kewaye da Kano yana awon gonaki yana ƙirga mutane, don ya gane yadda ƙasa mai yashi take ciyar da jama'a masu yawa haka. Bayansa wata Baturiya, Polly Hill, ta yi irin wannan bincike a Ɗorayi, wadda a lokacin ƙauye ce a kudu maso yammacin birni, ta fitar da littafinta a 1977. Saboda haka a Turance an rubuta faɗin gonar ɗan Kano, an rubuta yawan damman da yake samu, an rubuta bashin da ke kansa. Abin da har yanzu yake da ƙaranci shi ne littafin Hausa wanda zai shigar da mai karatu cikin gidan, ya nuna masa abin da ke faruwa ran da uba ya rasu aka tashi raba gandu tsakanin 'ya'ya tara, ko ran da aka ba da gayauna jingina don a yi wa yarinya kayan ɗaki. Irin wannan aiki na mai ƙaga labari ne, awon gona ba ya kaiwa can.

Masu iya wannan aiki kuwa suna nan. A makarantun firamare da na sakandare na Makoɗa da Kunchi da Ɓagwai da Minjibir akwai malamai matasa, maza da mata, waɗanda suka gama Kwalejin Ilmi ta Bichi ko Jami'ar Bayero, suka koma gida suna koyar da Hausa da safe, da yamma suna gona ko suna aikin gida. Wasunsu na da labari rubuce a littafin rubutu na 'yan makaranta, wasu a cikin wayar hannu. In ɗayansu ya ji a ransa cewa abin da ya rubuta bai kai yadda yake so ba, ya kuma yi niyyar ƙaro ilmi musamman don ya gwanance a sana'ar rubutu, to, ina zai dosa?

Jami'a ta horar da masu feɗewa

Hanyar da aka saba ita ce ya sayi takardar neman shiga digiri na biyu a sashen harsunan Nijeriya, ko a Kano, ko a Zariya, ko a Sakkwato, ko a Katsina. A can zai tarar da rassa uku, watau harshe da adabi da al'ada. Tun da labari ne ya kai shi, zai zaɓi adabi. Zai yi zango biyu yana sauraron lacca a kan mazhabobin tarke da hanyoyin bincike da tarihin rubutun zube da waƙa da wasan kwaikwayo, sa'an nan a ba shi malami mai duba shi, ya rubuta kundi mai babi biyar. Kundin nan zai yi magana ne a kan jigo ko salo ko zubi da tsarin littafin wani. Nasa labarin kuwa, wanda ya baro a ƙarƙashin matashin kai, ba ya cikin abin da za a ba shi maki a kansa.

Ba a faɗi wannan don a rage wa sassan nan daraja ba. Abin da aka kafa su a kai ke nan, kuma sun yi shi da kyau. Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ta buɗe Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya tun 1969. Malaman farko da suka gina fannin duk ta hanyar bincike suka fito. M.K.M. Galadanci ya yi digirinsa na uku a Landan a 1969 a kan nahawun Hausa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 a kan Mamman Shata. Ɗalhatu Muhammad ya yi nasa a Landan a 1977 a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasanni a littattafai shida, daga baya ya rubuta Hausa A Rubuce a 1988. Ba don su ba da yanzu ba a san inda za a nemi tarihin rubutun Hausa ba. A lokacinsu babbar buƙata ita ce a nuna wa duniyar ilmi cewa Hausa harshe ne da ya cancanci a yi digiri a kansa, kuma hanyar nuna haka ita ce bincike irin wanda Turawa suka yarda da shi.

Kalmar da Abdulƙadir Ɗangambo ya zaɓa wa hanyarsa ta nazarin waƙa ita ce feɗewa, har ya sa wa littafinsa suna da gadon fiɗa irin na mahauta. Kalmar ta dace ƙwarai. Amma mahauci, kome gwanintarsa, sai makiyayi ya kawo masa dabba. Shekara hamsin ke nan ana yaye mahauta, kiwon kuwa an bar shi ga wanda Allah ya ba. Abin ban sha'awa, shi Ɗangambon da kansa yana cikin 'yan kaɗan daga malaman jami'a da suka taɓa kiwon. Littafinsa Kitsen Rogo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, labari ne na yaron ƙauye da ya bar noma ya gudo birni ya lalace. Har yau in ana lissafin ƙagaggun labaran Hausa da suka dubi ƙauye da birni tare, sai an ambace shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarancin waɗanda suka biyo sawunsa.

Wata shida a Zariya

Masu cewa ba a koyar da ƙaga labari, baiwa ce kurum, ya kamata su sake duba yadda rubutun zube na Hausa ya faro. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasa. East ya bi manyan garuruwa yana roƙon malamai su rubuta labarin da ba tarihi ba, ba wa'azi ba, ya kuma sha wahala kafin su yarda cewa wannan aiki ne da ya dace da mai ilmi, domin a wurinsu ƙirƙirar labari tatsuniya ce, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Sunan East a bangon littafi na biyar ya nuna iyakar inda hannun edita ya kai.

Abin da ya biyo baya shi ya fi muhimmanci ga wannan magana. A 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina inda yake koyarwa, aka kawo shi Zariya, aka sauke masa nauyin aji, albashinsa na tafiya. Aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turawa, aka ce ya karanta ya rubuta. Yana rubutawa, East na dubawa, suna gardama a kan abin da zai zauna da abin da zai fita. Cikin wata shida ya gama Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga daga 1937 zuwa 1939. Yana da shekara 25 lokacin da ya yi aikin.

In aka cire sunan, me ya rage? Malamin makaranta mai baiwa, an ba shi hutun aiki da albashi, an ba shi abin karantawa mai yawa, an ba shi mai duba masa rubutu layi bayan layi, an kuma yanka masa ranar gamawa, aka ƙare da littafi. Wannan shi ne ainihin abin da jami'o'in waje ke kira digiri na biyu a fannin ƙaga labari. Ƙasar Hausa ta yi shi a shekarar da Jami'ar Ayowa ta Amurka ta kafa nata shirin, watau 1936, sai dai a nan an yi shi ga mutum ɗaya, ba a kuma mayar da shi tsari mai ɗorewa ba.

Yadda suke yi a can ba wani abin sihiri ba ne. Ana ɗaukar ɗalibai kaɗan, bisa ga abin da suka rubuta suka aiko, ba bisa ga darajar digirinsu na farko kaɗai ba. Kowane mako mutum goma ko goma sha biyu za su zauna da malami, wanda shi ma marubuci ne. Ɗalibi ɗaya ko biyu sun riga sun raba wa sauran babi guda tun makon jiya. A zauna a tattauna shi, mai rubutun na zaune shiru ba ya kāre kansa, yana jin inda aka gane nufinsa da inda aka ɓata. Bayan shekara biyu, ko guda a Ingila, abin da zai miƙa a madadin kundi shi ne littafin labari ko tarin gajerun labarai ko diwanin waƙoƙi. A Ingila Jami'ar East Anglia ce ta fara, a 1970, a hannun Malcolm Bradbury da Angus Wilson. Cikin waɗanda ta yaye akwai Kazuo Ishiguro, wanda ya sami kyautar Nobel a 2017. Daga Nijeriya, Chimamanda Adichie ta yi irin wannan digiri a Jami'ar Johns Hopkins, Helon Habila ɗan Kaltungo kuma, bayan ya ci kyautar Caine a 2001, ya zauna a East Anglia kafin ya wuce Amurka ya koyar da fannin. Duk waɗannan da Turanci suke rubutu. Misalin da ya fi kusa da halin da Hausa ke ciki shi ne na Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu, wadda ta yarda ɗalibi ya rubuta littafin digirinsa da harshen Khosa.

Lokacin da edita ya ɓace

Bayan East, aikin gyara ya ci gaba a hannun hukumomi: Kamfanin Gaskiya, da Hukumar NORLA daga 1954 zuwa 1959, sa'an nan Kamfanin NNPC na Zariya daga 1966. Gasar da NNPC ta shirya ta haifar da littattafai uku a 1980, watau Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, wanda sunansa ya nuna daga wannan yanki ya fito. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya kuma ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya da Zaɓi Naka a 1982. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bi ta hannun alƙalai da editoci kafin ya isa makaranta.

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, Naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan jarrabawa kurum. Marubuta ba su zauna jira ba. Suka riƙa kai rubutunsu ga ƙananan maɗaba'o'i da kuɗinsu, suna sayarwa a kasuwar Sabon Gari da bakin makarantu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya ƙarama, ta fito da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, wanda ya karaɗe ƙasar Hausa. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta sami masu karatu a kowane lungu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya koyi sana'ar a ajin jami'a, kuma su ne suka koya wa dubban matan aure son karatu, abin da yaƙi da jahilci ya daɗe yana nema.

Amma fa an biya farashi. Littafi ya riƙa fitowa ba wanda ya duba shi sai mai shi, babu ƙugiya a kan haruffa, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, labarin da zai ƙare a littafi ɗaya an ja shi zuwa na uku don ciniki. Cikin shekarun 1990 aka yi ta musayar alƙalami a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya soki littattafan, aka laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu suka kāre su. Mai duban gardamar nan daga nesa zai ga kowane ɓangare na da rabin gaskiya, zai kuma ga abin da ba a yi ba: masu sukar ba su buɗe aji sun ce marubutan su zo a gyara tare ba. Abin dariya, yau littattafan nan su ne abin feɗewa a kundaye masu yawa na digiri na biyu da na uku. Alhaki Kuykuyo Ne har ya sami fassarar Turanci daga Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero, aka buga shi a Indiya a 2012.

Yanzu kasuwar ta koma cikin waya, inda ake sakin labari shafi-shafi kowace rana, masu karatu na biyan kuɗi kaɗan-kaɗan, gidajen rediyo kuma na karanta wasu da dare. A nan ko ɗan jinkirin da maɗaba'a ke jawowa babu. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata, da zaman karatu irin wanda reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya ya daɗe yana shiryawa, sun taimaka, amma gasa alƙalanci take yi sau ɗaya a shekara, zaman ƙungiya kuwa a birni ake yinsa. Malamar da ke koyarwa a Kunchi ba za ta biya kuɗin mota ta zo Kano don karatun awa biyu ta koma da dare ba.

Abin da ƙauye zai kawo wa aji

Galibin labaran da ake rubutawa yau a gidan bene suke faruwa, tsakanin Nasarawa da Abuja da Dubai, ko da kuwa mai rubutun a gidan ƙasa yake kwana. Ƙauye in ya shigo, wurin da ake ɗauko yarinya 'yar aiki ne, ko inda ake tura wanda aka yi fushi da shi. Ba laifin marubutan ba ne kaɗai. Abin da suka karanta ke nan, abin da suka gani a fim ke nan, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu abin da suka sani tun suna goye ya isa littafi.

Ga shi kuwa ya isa. Shekarar manomin wannan yanki da kanta tana da zubi irin na labari: sharar gona da kai taki, binne kafin ruwa ya sauka ga mai ƙarfin zuciya, noman firi, maimai, sa'an nan watan da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba, a lokacin ne ake sanin wanda ke da ɗan'uwa. Akwai rigimar iyakar gona wadda jikoki ke gada. Akwai mai ɗorawa a gonar da ba tasa ba. Akwai ɗan ci-rani da ke tafiya Legas ko Fatakwal bayan girbi, matarsa na jiran kira. Akwai tsofaffin da suka ga farin 1973, suka ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 har dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi, suka ga yadda madatsun ruwa irin su Tomas da Watari da Gari suka cinye gonakin wasu suka ba wasu noman rani. Waɗannan mutane suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ga masaƙan Minjibir, ga magina tukwane na Dawakin Tofa, ga dillalan hatsi na Dawanau, kowace sana'a da kalmominta waɗanda yaron birni bai taɓa ji ba. Wasu na cikin ƙamus na Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006, amma kalma a ƙamus ajiya ce kurum, sai an sa ta a bakin wani cikin labari take ci gaba da yawo.

Saboda haka in har za a kafa irin wannan digiri da Hausa, amfaninsa na farko shi ne ya mayar da ɗalibi gida. A maimakon a aike shi ɗakin karatu ya kwafo ra'in wani Bature a kan labari, a aike shi ya kwana bakwai a zauren mai unguwa yana sauraron yadda ake shari'ar ɓarnar shanu, ya dawo ya rubuta shafi goma, a zauna a duba ko maganar da ya sa a bakin dattijon nan dattijo zai faɗe ta haka. A koya masa ƙa'idojin rubutu da aka daidaita a taron Yamai na 1980 har su zama masa jiki. A sa shi karanta abin da manyan marubutan wasu ƙasashe suka yi da ƙauyukansu, ko da a fassara. A tilasta masa sake rubuta babi ɗaya sau huɗu, abin da mai sakin labari kullum a waya ba ya da halin yi.

Akwai abin tsoro, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A Amurka an daɗe ana zargin irin waɗannan azuzuwa da yaye marubuta masu murya iri ɗaya, rubutu mai tsabta marar gishiri. East ma, duk da alherinsa, abin da ya dace da makarantun mulkin mallaka yake zaɓa. Aji a jami'a na iya goge wa ɗan Ɗambatta karin harshensa da sunan daidaitacciyar Hausa, ya kuma koya masa rubuta abin da zai gamsar da malami maimakon abin da zai hana mai karatu barci. Haka nan babu digirin da zai sa wa mutum baiwar da ba shi da ita. Marigayi Bashir Tofa, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1993, ya rubuta littattafan Hausa da dama, cikinsu har da Tunaninka Kamanninka, ba tare da ya jira wani ya ba shi shaidar marubuci ba. Yusuf Adamu kuwa, mai Idan So Cuta Ne, farfesan labarin ƙasa ne.

Sai kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ta farko a wurin ma'aikaci. Malamin firamare da ya bar Makoɗa ya tare a Kano shekara biyu zai biya kuɗin makaranta da na ɗaki, zai ɗauki 'yan ƙwadago su yi masa noman da da hannunsa yake yi, ko kuwa ya ba da gonar aro. Asusun TETFund malaman manyan makarantu yake ɗaukar nauyin karatunsu, ba na firamare ko na sakandare ba. In ya gama, dole takardar ta zama wadda hukumar ma'aikata za ta karɓa wajen ƙarin girma kamar kowane digiri na biyu, in ba haka ba an cuce shi. Littafin da ya rubuta kuma, in aka ɗaure shi da baƙin bango aka jera a kanta tare da sauran kundaye, to an koma gidan jiya. Sai an haɗa shirin da maɗaba'ar jami'a, an kuma sami Ma'aikatar Ilmi ta yarda ta sa mafi kyawun littattafan cikin jerin na makarantu, kamar yadda aka yi wa na 1934 da na 1980. Wani sauƙin da tsarin noman yankin ke bayarwa shi ne rani. Daga girbin dawa zuwa faɗuwar ruwa akwai kusan wata shida, daidai da abin da aka ba Imam. Ana iya tara ɗalibai na 'yan makonni lokacin hutun makarantu, ko a Bichi ko a Ɗambatta inda akwai kwalejoji da ɗakunan kwana, sauran lokacin su yi ta aiko da babi ta waya.

Kafin a kai nan sai Majalisar Dattawan jami'a ta amince, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa hannu, kuma a nan ne za a ci karo da tambaya mafi wuya: wa zai koyar, wa zai jarraba? Bisa ga abin da aka saba, mai duba ɗalibin digiri na biyu sai mai digiri na uku. Waɗanda suka fi kowa sanin yadda ake riƙe mai karatun Hausa daga shafin farko zuwa na ƙarshe kuwa, da yawansu ba su da ko na farko. Sai dai Jami'ar Bayero ta taɓa warware irin wannan ƙulli. Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, karatun allo da na zaure ya yi, bai zauna a ajin jami'a ba. Duk da haka Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta ɗauke shi aiki saboda gwanintarsa a waƙa, ya zauna tare da masu digirin Landan, daga baya jami'ar ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1999.